Bakin bargon nan dai ya kwanta, bayan farka biyu

'Yan'uwa, yau dai bakin bargon nan ya kwanta. Da safe na shimfiɗa shi a ƙasa, na zagaya shi sau biyu ina neman inda zai ɗago, ko'ina lumui. Kwana 9 ke nan muna kai ruwa rana da shi.

Shi ne aiki na farko da na karɓa na kuɗi. Shekara uku ina haɗa ƙyallaye don sha'awa ina rabar wa dangi, wanda aka ba kyauta kuwa ba ya tsayawa duba kusurwa. Sai wata ta ga hoto, ta ce tana son na babban gado, inci 90 kowane gefe, har ta ba da kafin alƙalami. Tsakiyar ba ta wahalar da ni ba: gida 49, kowanne inci 12, jeri bakwai-bakwai, sai baki mai inci 3 ya zagaye. A bakin nan ne aka yi ta.

Abin da na saba yi na yi. Na yanko doguwar tsiri, na ɗora a gefe, na taka keke har ƙarshe, na datse ragowar. A ƙananan barguna ban taɓa ganin illar haka ba. A wannan kuwa, ina shimfiɗawa sai ga gefe yana tashi yana sauka kamar igiyar ruwa. Na ce guga zai gyara. Na sa tururi, na yi ta tura dutsen gaba da baya, ashe ƙara miƙe yadin nake yi. Na farke, na sake ɗorawa ina ɗan jan tsirin da hannu, wannan karon ya tattare wuri guda, ya saki a wani. Ranar ajiye shi na yi na fita, don ji na yi kamar in sa masa almakashi.

Da na huce ne na ɗauko tef. Ta tsakiya inci 84 da rabi, daidai lissafi, don rabin incin nan wurin ɗinki ne. Ta gefe kuwa har 86 da kwata. Kusan inci biyu! Laifin daga ƙyallaye masu siffar alwatika da na haɗa gidajen da su ne: na yi su ta hanyar nan da ake fitar da huɗu a lokaci guda, ita kuwa tana barin gefunan waje a karkace da saƙar yadi, kuna taɓawa suna miƙewa. Ni kuma na bi gefen da ya riga ya saki na ɗinka masa baki daidai tsawonsa.

A karo na uku sai na fesa sitaci, na danna dutsen guga ina ɗagawa, ban goga ba. Na bi gefen duka da ɗinki ɗaya kusa da baki don ya daina saki. Na auna wuri uku ta cikin bargon, ban kula gefe ba, na ɗauki matsakaicin, na yanka tsiri biyu a kansa cif. Kuma a tsawon yadi na yanke su, ba a faɗi ba, don ta nan ne bai cika miƙewa ba. Na ninka kowanne biyu, na sake ninkawa, na yi alama, haka ma gefen bargon, na haɗa alama da alama da fil. Sai na sa bargon a ƙasa, tsirin a sama, haƙoran keke suka riƙa cinye rarar a hankali. Wallahi da na ga fil na ƙarshe ya zo daidai, ni kaɗai na yi ta dariya.

Inda ya yi mini ciwo shi ne aljihu. Tsirin farko ya zazzage saboda farka, dole na sake sayen yadi uku, kuma da na je launin ya ɗan bambanta da na da, don haka duka gefe huɗun na canza. Da na yi mata kuɗi, yadi da auduga da zare kawai na lissafa, na ɗora ɗan abin da kunya ta bar ni in ɗora. Awannin zama ban sa su ba. Na fara rubuta su a littafi, yanzu sun kai 52, ban ma fara haɗa shafi uku ba, wato saman da na ɗinka, audugar tsakiya da yadin baya. Ribar ta riga ta tafi a yadin baki. Ba zan koma in ce ta ƙara ba, magana ta riga ta fita, amma mai zuwa na gaba da littafin nan zan yi mata lissafi.

Gobe zan shimfiɗa bayan da audugar in kafe su da fil. Ban taɓa tura abu mai girman wannan ta ƙarƙashin ƙaramin kekena ba. Waɗanda suka taɓa yi, naɗe shi kuke yi ko tattarawa?