Hazon hunturu da launin teku

Hazon da yake dushe mana rana a Kano da Damagaram lokacin hunturu, wanda babban tushensa shi ne kwarin Bodele a ƙasar Cadi, yakan zarce kudu har ya rufe tekun Gini. A can ne yake wahalar da masu auna kulorofil daga sararin samaniya, aikin da na daɗe ina bibiya saboda alaƙarsa da kamun kifi.

Kulorofil shi ne sinadarin da yake sa ganye kore, kuma akwai shi a jikin ƙananan tsirran teku waɗanda ido ba ya gani, waɗanda su ne tushen abincin kifi. Yana shanye hasken shuɗi ya bar kore, saboda haka ruwan da ya wadata da su yakan koma kore. Tun daga na'urar CZCS mai auna launin teku, da aka harba a kan tauraron ɗan adam a 1978, zuwa SeaWiFS a 1997, dabarar ita ce a kwatanta shuɗin da ya dawo daga ruwa da koren, a fitar da adadi. A tsakiyar teku, inda ruwa yake garau kuma kulorofil ba ya kai miligiram 0.1 a mita kubik guda, wannan lissafi yana aiki sarai.

A bakin gaɓa ne lissafin yake rikicewa. Laka da ruɓaɓɓen ganyen da kogin Kwara yake zubarwa su ma suna shanye shuɗi, haka ƙurar hazo, ga shi kuma kusan kashi 90 cikin 100 na hasken da tauraron ɗan adam yake karɓa daga iska yake fitowa, ba daga ruwa ba. Sai taswira ta nuna albarkar tsirrai a inda ƙura ce kawai.

Dalilin da ya sa aka koma ga manhajoji masu koyo, waɗanda aka tsara bisa kwaikwayon jijiyoyin ƙwaƙwalwa, ke nan. Masana kimiyya Doerffer da Schiller a Jamus sun horar da irin wannan manhaja domin na'urar MERIS ta tauraron Envisat, inda suka ciyar da ita dubban misalan hasken ruwa da aka lissafa a kwamfuta, har ta koyi rarrabe kulorofil da laka da narkakken datti a lokaci guda. Na'urar OLCI ta tauraron Sentinel-3, mai duba zangon launin haske 21, ta gaji wannan hanya.

Sai dai manhajar ba ta san abin da ba a nuna mata ba, kuma idan ta gamu da baƙon ruwa za ta ba da adadi ba tare da kunya ba. Ruwan da aka ɗebo da jirgi aka auna a ɗakin gwaji, wanda da shi ake tantance ta, ya fi yawa a gaɓar Turai da Amurka. Shi ya sa na fi amincewa da taswirar gaɓar Gana ta watan Agusta, lokacin da ruwan ƙasan teku mai sanyi yake tasowa kifin sadin ya yawaita, duk da cewa gajimare yakan rufe rabinta. Ta watan Janairu kuwa, sai na fara duba ko an yi hazo a ranar kafin in karanta adadin.