Man yazawa da mariƙin tukunya

Har yau akwai tabo a bayan hannuna na hagu. Ina ɗan shekara tara na samo shi, wajen gasa ƙwallon yazawa a gwangwanin madara da muka huda da ƙusa. Wuta ta kama, hayaƙi ya turnuƙe, wani baƙin mai ya fantsamo mini. Kafin gari ya waye fatar wurin ta saɓe. Inna ta ce maganina ke nan, ai ta hana.

Sai da na shiga ajin kimiyyar sinadarai na gane ashe man nan dukiya ne.

Roba iri biyu ce. Akwai mai halin kakiɗe: a sa mata wuta ta narke, ta huce ta daskare, kamar robar bokiti da leda. Akwai kuma mai halin tukunyar ƙasa, wadda in an gasa ta sau ɗaya ba ta sake komawa laka. Baƙin mariƙin tukunyar da ke kan rishonmu irin ta biyun ce, shi ya sa harshen wuta ke lasarsa, ya yi ƙauri, amma bai taɓa zuba ba. Leo Baekeland ne ya fara haɗa ta a Amurka a 1907, daga sinadaran finol da fomaldihaid, aka sa mata suna Bakelite. Finol ɗin a da daga kwal ake samunsa, yanzu daga man fetur.

To, man ɓawon yazawa dangin finol ne, shi ya sa shi ma ake iya yin irin wannan roba da shi. In an dafa shi aka tace, ana samun wani sinadari mai suna kadanol, kuma an daɗe ana sa shi cikin abin da ke kama taya idan direba ya taka birki. Sai dai yana da wata doguwar jela mai ƙwayar kabon 15. Jelar nan tana hana robar saurin karyewa, amma ita ce kuma ke sa ta yin laushi da wuri idan zafi ya tsananta. Gaba kura, baya siyaki.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce aurar da shi da totuwar masara. Eh, totuwar da muke hura wuta da ita. Daga cikinta ake fitar da wani sinadari mai suna fufural, wanda kamfanin Quaker Oats ya fara samarwa da yawa daga ƙaiƙayin hatsin ot a shekarun 1920. Shi tsarinsa gajeren zobe ne mai tauri, yana ƙara ƙulle-ƙullen da ke riƙe robar, kuma in wuta ta ci ta sai ta bar gawayi a sama ya kare na ciki. Amma kada a yi saurin tafi: yawancin haɗin har yanzu sai an sa fomaldihaid, wanda ke iya jawo ciwon daji (kansa). Ni dai ba na kiran irin wannan roba mai tsabta tukuna.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne buhunan yazawar Kogi da Ogbomosho. Mafi yawansu da ɓawonsu ake loda su a jirgi zuwa Biyetnam da Indiya. Can ake fasa su, can ake matse man. Kuɗin ƙwallo aka biya mu, ɓawon kuwa gyara muka bayar.