Daga Kano zuwa Daura a kan Vespa mai mutuwa idan ta ɗau zafi

Da hantsi na fita Kano ta Kurna a kan Vespa PX 150, zan je Daura ta Dambatta da Kazaure. Tankinta na lita 8 cike yake, an haɗa masa man 2T mililita 20 a kowace lita, yadda injin mai bugu biyu yake so. Har na wuce tirelolin hatsi na Dawanau kukanta lafiya lau. Ban yi nisa a hanyar Dambatta ba ta yi harbi ɗaya a salansa, ta ɗauke ɗif. Na yi ta buga kik a banza. Da ta huce kamar minti goma sha biyar, bugu ɗaya ta tashi kamar ba ita ba.

Wannan ciwo yana wahalar da masu Vespa ne saboda kafin ka turo ta gareji ta huce, bakanike ya buga ta tashi, ya ce ai lafiyarta ƙalau. A bakin titi ake kama shi, inji yana da zafi, kuma 'yan mintoci kaɗan gare ka.

Yadda ta mutu ma shaida ce. Idan mai ne ya yanke, ƙarfi raguwa yake a hankali, ka murɗa totur ta ƙi amsawa, ka ja cok ta ɗan farfaɗo. Idan wuta ce, lokaci guda take ɗaukewa. Idan kuwa fistin ne ya kama, tayar baya za ta ja ƙasa, sai ka damƙe kuloci nan take, kuma za ka ji kik ya yi tauri.

Da ta sake mutuwa na gangara gefen wata gona, na ɗaga kujera, na kwance murfin tanki ina kasa kunne. Akwai ɗan rami a murfin da iska ke shiga. Idan ƙura ta toshe shi, mai ba ya sauka, kuma za ka ji tsotson iska da ka buɗe. Vespa ba ta da famfon mai, gangarowa kawai yake daga tankin da bai fi kafireto tsayi sosai ba, don haka ko tiyo ne ya lanƙwashe ya isa ya tsayar da ita. Ban ji komai ba. Na cire marfin gefen dama, na buɗe akwatin kafireto, na zare tiyo na buɗe makunnin mai: yana zuba ba yankewa. 'Yar matatar da ke saman kafireto, inda dattin fetur ɗin 'yan bumburutu ke taruwa, ita ma tas take.

Sai fulogi. Na kama shi da tsumma saboda zafi, na kwance da sifana mai lamba 21. A jiƙe yake da fetur, wato mai yana isowa, ba a kunna shi ne ba. Na mayar da shi cikin hularsa, na ɗora jikinsa a kan inji, na buga kik: ko ƙyas. Na sa sabon fulogi NGK B6HS mai tazarar baki milimita 0.6, shiru. Bayan an ɗan jima wuta shuɗiya ta dawo tana tartsatsi.

Haka na lallaɓa zuwa Dambatta, tafiya kaɗan hutu kaɗan. Aka nuna mini wani dattijo mai gyaran Vespa a ƙarƙashin darbejiya. Na ce, "Baba, wuta take ɗaukewa idan ta yi zafi." Ya ce, "To, Malam, bari mu sa ta yi a gabanmu." Ya ba yaronsa ya zagaya da ita har ta mutu, ya turo ta.

Ya fara da mai sauƙi. Ya zare koriyar wayar da ke tafiya makulli daga jikin CDI, wato ɗan akwatin da ke aika wa fulogi wuta, don idan rigarta ta goge tana taɓa ƙarfe, kashe wuta take yi. Ba wuta. Ya ɗaura wani CDI da ya san lafiyarsa, nan ma babu. Sai ya ɗauko mita ya auna wayoyin da suka fito daga cikin magneto, inda inji ke samar da wutarsa. Tsakanin kore da fari ya kamata a samu kusan om 500, an samu. Tsakanin ja da fari, wato ɗan kwayil ɗin da ke gaya wa CDI lokacin sakin wuta, ya kamata a samu kusan om 110, amma mita ba ta nuna komai ba. Muna tsaye inji yana hucewa, lamba ta dawo da kanta. Wayar cikinsa siririya ce kamar gashi. Ta tsinke a wani wuri, bakin biyu suna haɗuwa in da sanyi, zafi yana raba su. A tsofaffin Vespa masu kontak, kwandensa ce ke yin irin wannan hali.

Ya zare magneto da abin cirewa mai zare, ba da guduma ba, don duka yana illa ga sandar inji. Kafin ya kwance sukurori ukun da ke riƙe da farantin kwayil, ya ja layi da ƙusa daga farantin zuwa jikin inji, saboda idan ya goce lokacin wuta ya canza, inji ya riƙa zafi fiye da kima. Ya sa faranti na hannu, ya duba ɗan makullin da ke daidaita magneto a kan sanda bai karye ba.

Tun da wurin a buɗe yake, ya haska sil ɗin bayan farantin, wato zoben robar da ke toshe gefen sandar inji, ko yana tsatsar mai. Da a ce wuta tana nan lokacin da ta mutu, nan za a fi zargi. Sil ɗin da ya bushe yana shigar da iska, silo ya riƙa hawa da kansa, fulogi ya fito fari fat. Na ɓangaren kuloci kuwa man giya yake tsotsa, hayaƙi ya yi kauri, man giyar da bai wuce mililita 250 ba ya ragu. Ya kuma tabbatar hular da ke rufe silinda tana nan daram. Masu cire ta wai inji ya sha iska ɓarna suke yi, don ita ce ke bi da iskar fanka ta cikin haƙarƙarin silinda.

Bayan azahar na kama hanya, ban sassauta mata ba har duwatsun Kazaure suka bayyana. A can na tsaya da gangan, na kashe ta da zafinta, na buga ta tashi. Na duba fulogi, ya bushe, bakinsa ruwan ƙasa. Na ƙara fetur lita 3, na auna man 2T mililita 60 na zuba, na girgiza ta ya gauraya, na shiga Daura ana kiran la'asar.