Hannu Ɗaya, Mota Ɗaya

Asabar, da dare.

Wuyana ya sanƙare, kafaɗata na ciwo, ƙaurin birki kuma har yanzu bai bar hancina ba. Duk da haka gara in rubuta tun abin da zafinsa, don na san halina. In na bari sai gobe, zan gyara labarin ya koma ni ne mai gaskiya daga farko har ƙarshe.

Yau ne zuwana na uku filin tseren motoci a ranar da ake buɗe wa 'yan koyo da masu sha'awa. Ga wanda bai san abin ba, ba gasa ake yi ba. Babu na ɗaya, babu kofi, an ma hana kowa auna lokacinsa da agogo, domin da zarar an fara ƙirga daƙiƙa abin ya zama tsere, masu inshora kuma su janye jikinsu. Ka zo da motarka, ka sa hular kwano, ka zagaya iya ƙarfin zuciyarka, ka koma gida da motar yadda ka zo da ita.

Da sassafe na kwashe komai daga but, na cire tabarmin ƙafa don kada ya shige ƙarƙashin birki, na duba notocin taya da iska. Ƙarfe 8:30 aka tara mu don bayani. Rukuni uku ne, kowanne minti 20 a fita ɗaya. Yau aka ɗaga ni daga rukunin sababbi zuwa na tsakiya, kuma ba zan ɓoye ba, kaina ya ɗan kumbura.

Mutumin da ya yi bayanin ya fi daɗewa a kan maganar wuce mota. Ya ce a rukuninmu ba a wucewa sai a miƙaƙƙun wurare guda biyu, wanda ke gaban rumfunan gyara da dogon nan na baya. Ba a wucewa a kwana, ba a wucewa a inda ake taka birki, kuma ba a wucewa sai na gaba ya ba da hannu. Direba zai fito da hannunsa ta taga ya nuna gefen da yake so a bi. Mai sitiyari a hagu, in hagu yake nufi ya miƙe hannun kai tsaye, in dama ce ya lanƙwasa shi ta saman rufin motar. Hannu ɗaya na mota ɗaya ne, in motoci uku ne a bayanka to sau uku za ka nuna. Sai ya ɗaga murya a kan abu biyu: mai wucewa shi ke barin layi, wato sawun da motoci suka saba bi a filin, wanda ake wucewa kuma ya tsaya a kan layinsa, ya ɗan sassauta totur, amma kada ya taɓa birki.

Na gyaɗa kai kamar kowa. Na riga na ji duk wannan har sau biyu.

Wani ya tambaya me ya sa a wurin da ya saba zuwa sigina ake kunnawa, ba hannu ba. Aka ce masa kowane fili da tsarinsa. Akwai inda ake rufe tagogi a yi amfani da sigina, akwai inda gefe ɗaya tak aka yarda a bi komai rintsi. A tsohuwar hanyar Nürburgring ta Jamus, mai tsawon kilomita 20.8, ranakun da ake buɗe wa jama'a dokar titin ƙasar ce ke aiki, ta hagu kawai ake wucewa. Shi ya sa ba a tsallake bayanin safe ko da mutum ya shekara goma yana wannan harka, saboda ita sigina ɗin ma sai an faɗa maka ma'anarta a wurin: gefen da zan tsaya take nunawa, ko gefen da za ka bi?

Fita ta farko lami lafiya. Zagaye biyu a bayan motar jagora, sannan aka sake mu.

A fita ta biyu na gamu da baƙar motar. Ƙatuwa ce, ƙarfin injinta zai ninka na tawa sau uku. A kwana kamar an ɗaura mata dutse, ina manne da bambarta har ina karanta ƙananan rubutun da ke jikinta. Da mun fito miƙe sai ta yi gaba kamar an harba kibiya, kwana na zuwa in sake cim mata. A zagaye na biyu mai tuta ya kaɗa wa direbanta shuɗiyar tuta, wato akwai wanda ya fi ka sauri a baya. Ya kuwa gani, don muna shiga dogon miƙen baya na ga hannunsa ya fito ya nuna dama. Na fita, na take totur har ƙasa. Hancin motata ya kai daidai ƙofarsa ta baya, daga nan bai ƙara gaba ba. Shi ma ashe ƙafarsa na ƙasa. Allon da ke nuna saura mita 200 a kai kwana ya wuce, na 100 na tahowa, ga ni a gefen da ba layi ba, wurin da ɓurɓushin roba ke taruwa, ga kwana ta dama mai tsauri. Dole na ɗaga ƙafa na koma bayansa.

Sau uku ana haka. A na ukun na ji kaina ina zagi a cikin hular kwano.

Malamin tuƙin da ke zaune kusa da ni ya taɓa gwiwata ya nuna hanyar rumfuna. Muka shiga, muka bi ta a hankali bisa ƙa'idar gudun wurin, muka ɗan dakata, mai tuta ya sake mu cikin fili fetal babu kowa a gabanmu.

Na ce, "Malam, ai ni ke da gaskiya."

Ya ce, "Kana da ita. Sai dai ka ɓata zagaye uku kana bin gaskiyarka a baya, ga allurar zafin inji ta fara hawa don ka hana ta shan iska, birkinka kuma ya fara laushi. Ba ka ji ba?"

Na ji. Man birkin da ke motar DOT 4 ne, wanda yana sabo ba ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma in ya tsufa ya sha danshi yakan sauko wajen 155, ni kuwa na manta rabon da in canza shi.

Da muka fito na ɗauki biro na yi lissafi a bayan takardar dokoki, don haushin ya samu inda zai zauna. Kafin ka tashi daga bayan mota ka koma gabanta da tazara mai kyau, sai ka ci mata kamar mita 30. In ka fi ta gudu da kilomita 10 kacal a sa'a, mita 2.8 kake ci a daƙiƙa, wato kusan daƙiƙa 11 kenan. A gudun 150, cikin daƙiƙa 11 kun cinye wajen mita 450 kuna kafaɗa da kafaɗa. Amma in na gaba ya sassauta har bambancin ya kai 30, ba a cika daƙiƙa 4 ba an gama, cikin mita 150 ko kusa da haka. Ashe hannun da ake fitarwa ta taga rabin aikin ne, sauran rabin yana ƙafar dama.

Na je na sami mai baƙar motar yana goge gilashi. Dattijo ne mai fara'a, abin da ya ƙara ba ni haushi, don na so in tarar da mai girman kai.

Na ce, "Yallaɓai, ni ne mai farar motar nan da ke bayanka."

Ya ce, "Af, kai ne! Ai na ba ka hannu sau uku ka ƙi wucewa. Na ce ko tsoro kake ji."

Na nuna masa lissafin. Ya yi shiru yana kallon takardar, can ya ce shi a tunaninsa tunda yana tsere min a miƙe, to ya fi ni sauri kenan. Na ce masa duk motar da ba ta madubinka a zagayen da ya wuce, yanzu kuma ga ta ta cika shi, to ta fi ka sauri a zagaye gaba ɗaya, ko da injinta na keken ɗinki ne. Ya yi dariya ya ba ni haƙuri. Na dawo ina tafiya kamar wanda ya ci shari'a.

Laifi tudu ne. Bayan hutun rana na taka nawa.

Fita ta huɗu na samu kwanar nan ta dama ta fara yi min daɗi. Na gano inda zan saki birki, na gano inda tayar ciki za ta shafi dakalin ja da fari, motar na fita sumul. Idona na kan kwalta, hankalina na kan kwana ta gaba, malami kuma ya tafi wata motar. Na hango shuɗiyar tuta a rumfar masu tuta ta uku, wallahi a raina na ce ta wani ce. A ta biyar ma an kaɗa. Sai da na fito dogon miƙen baya na ɗaga ido, na ga madubina cike da mota. Wata 'yar ƙaramar Mazda MX-5 ce, tsohuwar ƙira mai fitilun da ke buɗewa kamar ido, irin wadda aka fara fitarwa a 1989, ga wasu biyu jere a bayanta. Ban san tun yaushe suke nan ba. Daga baya aka ce min kusan zagaye biyu.

Kunya ta kama ni, kunyar ce kuma ta ja ni ga kuskure. Layina a wurin yana gefen hagu, don kwanar da ke gaba ta dama ce. Na lanƙwasa hannu ta saman rufi na nuna dama, daidai kenan. Amma jikina ya yi abin da ya saba yi a titi, inda mai ladabi ke matsawa gefe ya ba da hanya. Hannu ɗaya na waje, ɗayan ya karkata sitiyari dama, zuwa ainihin wurin da na ce mutum ya bi. Mai Mazdar ya riga ya fita. Na ji ƙarar tayarsa kafin in gan shi, jan fenti ya cika madubin gefe, na fizgo motar na dawo hagu. Ya taka birki, tayoyinsa biyu suka taɓa ciyawa, ƙura ta tashi, na bayansa ma suka tattaka nasu. Ba a taɓa juna ba. Tsakaninmu ba na jin ya kai tsawon hannu.

Zagaye na gaba aka nuna min baƙar tuta haɗe da lambar motata, wato ana kirana rumfuna. Na shiga rumfuna, ƙafata na rawa a kan kuloci. Jami'in bai yi faɗa ba, da ya yi ma da ya fi min sauƙi. Tambaya ɗaya ya yi: me aka ce da safe game da wanda ake wucewa? Na maimaita masa kalma da kalma. Ya ce in zauna sauran wannan fitar, in kuma je in ga mai jar motar.

Tsoho ne, gashinsa fari fat, yana durƙushe yana cire ciyawa daga bakin taya.

Na ce, "Baba, ka yafe ni. Hanya na so in ba ka."

Bai ɗago da wuri ba. Ya gama abin da yake yi, ya kakkaɓe hannu, sannan ya ce, "Ɗana, ni ban roƙe ka hanya ba, hanya ni zan nemo ta. Abin da nake so a wurinka in san inda za ka kasance nan da daƙiƙa biyu. Ka yi ta tafiyarka a hankali, ba zai dame ni ba. Wanda ban san inda zai nufa ba shi nake tsoro."

Na tambaye shi me ya sa bai wuce ni ba tun tuni, tunda ya fi ni gwaninta nesa ba kusa ba. Ya ce ba a ba shi hannu ba. Ya ƙara da cewa shi wurare uku yake duba madubi a kowane zagaye, kullum wurare ɗaya: in ya fito daga kwana ya miƙe sitiyari, a tsakiyar miƙe, da kuma kafin ya taka birki. A tsakiyar kwana ba ya dubawa, don ba abin da zai iya yi wa na baya a nan. Ya leƙa cikin motata ya ce madubin dama ƙofata yake nuna min, ba hanya ba. Gaskiya ne, rabin gilashin farin fentina ne. Ya sa ni na zauna, ya tsaya can baya ta gefe, ina juyawa har sai da na gan shi.

Mai baƙar motar na tsaye nesa kaɗan, ya ji komai. Bai ce uffan ba, Allah ya saka masa.

Fita ta ƙarshe rana ta yi ƙasa, tana dukan ido a miƙen gaban rumfuna. A zagaye na uku na fito daga kwana, na miƙe sitiyari, na duba. Ga jar motar can baya, tazarar mota biyar ko shida. Ban jira ta manne ba. Muka gama kwanoni biyun da suka rage ina kan layina, muna shiga miƙen baya na fitar da hannu da wuri, na nuna dama, na riƙe sitiyarin da ƙarfi kamar zai gudu, na ɗaga ƙafa kaɗan. Ya wuce fiu, tun kafin allon 200 ya koma gabana, ya ɗaga min yatsu biyu ta saman gilashi. Akwai wata shuɗiyar mota a bayansa. Na mayar da hannu ciki, na auna sauran hanyar, na ga ba za ta ishe mu ba, na bar hannun a ciki. Ita ma ba ta yunƙura ba. A miƙen gaban rumfuna na ba ta nata.

Na bi bayan tsohon kwanoni uku kafin ya ɓace min. A kwanar dama yana taka birki kusan inda nake takawa, amma ya fi ni saurin sakinsa, kuma yana jinkirta karya sitiyari fiye da yadda na zata zai yiwu.

Aka kaɗa tuta mai baƙi da fari, alamar an gama. Na yi zagayen huce birki, na ajiye motar a giya ban ja birkin hannu ba, na buɗe bonet. Tayar gaba ta hagu ta cinye a baki, sai an juya su kafin zuwa na gaba. Man birki kuma ranar Litinin, in Allah ya kai mu. Na rubuta a tafin hannu don kada in manta, zufa ta goge rabi kafin in iso gida.