Bangon cikin gida ma yana son harsashinsa

Ba na yarda a ɗora bangon ƙasa na cikin gida a kan daɓe kawai, ko da mai gida ya ce min ai ruwan sama ba ya taɓa shi. Gaskiya ne ba ya taɓa shi. Amma nauyinsa fa?

Busasshiyar ƙasar gini tana kai kimanin kilo 1,800 a kowace kubik mita, wato mita ɗaya tsawo, faɗi da tsayi. Bango mai kaurin santimita 30 da tsayin mita 2.5 yana danna ƙasa da kusan kilo 1,350 a kowace mita ta tsawonsa. Idan tsawonsa ya kai mita 4, nauyinsa ya haura tan 5. Daɓen siminti mai kaurin santimita 10 ba don wannan kaya aka zuba shi ba, balle daɓen ƙasa. A hankali wurin zai nitse, tsaga ta bayyana, galibi daidai inda bangon ciki ya haɗu da na waje, domin ɗaya yana zaune daram, ɗayan yana sauka.

Shi ya sa nake haƙa ramin harsashin ciki rana ɗaya da na waje, in haɗe su. Nakan kwashe ƙasar sama gaba ɗaya, mai saiwoyi da ruɓaɓɓen ganye, har sai na tarar da mai tauri. Sannan in zuba tsakuwa kaɗan-kaɗan, ina daddaɓewa kafin in ƙara wata. Aikin yana cin jiki, kuma da zarar an rufe babu mai sake ganinsa, nan ne ma mutane suka fi yin gaggawa. Idan ƙasar wurin yumɓu ce mai kumbura da damina ta tsattsage da rani, ramin sai ya ƙara zurfi.

Abin da ya fi damuna shi ne danshi. Bangon ƙasa yana jan ruwa daga ƙarƙashinsa kamar yadda lagwani ke jan kananzir. Tsakuwa tana katse wannan, tunda ramukan da ke tsakaninta sun yi wa ruwan faɗi, ba zai iya hawa ba. A kanta nake jera dutse ko ƙonannen bulo har ya ɗara daɓe da santimita 15 zuwa 20, daga nan ƙasa ta fara. Ruwan goge ɗaki, ko famfo ya fashe cikin dare, duk a jikin dutsen za su tsaya. Wannan tazarar kuma tana sa a ga hanyar gara da wuri idan ta fara hawa.

Kada a shafe gindin bangon da siminti da nufin kare shi. Danshin zai maƙale a ciki, ƙasar ta yi laushi ba a sani ba.

Idan an riga an zuba daɓe kuma ba a son fasa shi, gara a sauya irin bangon: a kafa sanduna, a saƙa ƙirare, a yaɓe da laka, kauri kamar santimita 10. Wannan daɓe mai kyau zai iya ɗaukarsa, amma ko shi ina fara sa masa layi ɗaya na bulo a ƙasa.