Ranar da adireshi ya ƙare a otal

Talata, Jos.

Ko shayi ban gama sha ba, ga sanyi har cikin ƙashi, manajan wani otal da ke wajen Rayfield ya kira ni. "Injiniya, intanet ɗinmu ta mutu, ga taro muna yi!" Na biya Terminus na ɗauki yarona, muka nufi can.

Intanet kam lafiyarta ƙalau. Da na duba kwamfutar wani baƙo sai na ga adireshinta na IP, wato lambar da ake gane kowace na'ura da ita a netwok, ya fara da 169.254, lambar da kwamfuta ke laƙaba wa kanta in ta roƙi adireshi ba a ba ta ba. Wanda ya haɗa musu netwok ya bar su a kan 192.168.1.0/24: adireshi 256, a cire na farko da na ƙarshe, saura 254. Ga kyamarori, ga kwamfutocin ofis, ga 'yan taro kowa da waya biyu. Ina za su isa? Daɗin daɗawa, rawutar, wato na'urar da ke raba adireshin, tana riƙe wa kowace waya adireshinta har awa 24, ko da mai ita ya isa Bauchi.

Manaja ya tambayi nawa za su biya a ƙaro musu. Na ce, "Ranka ya daɗe, ko sisi." Ya yi mini kallon wanda ake shirin damfara. Na yi masa bayani cewa tun 1996 takardar ƙa'idar intanet mai suna RFC 1918 ta ware rukuni uku don amfanin cikin gida: duk mai farawa da 10, sai 172.16 zuwa 172.31, sai 192.168. Ba sa fita intanet, rawuta ce ke tsaya musu a bakin ƙofa da adireshi guda. Na 10 ɗin kaɗai ya haura miliyan 16.

Shi na ɗauka, amma ban zuba kowa a kwando ɗaya ba. Ofis 10.10.1.0/24, kyamarori 10.10.2.0/24. Baƙo ba shi da hurumin leƙa kwamfutar akanta.

Na ce wa yarona ya yanko wa baƙi /22, mai ɗaukar na'ura 1,022. Ya rubuta 10.10.3.0, har da murmushi. Na ce ya sake lissafi. Ita /22 huɗu-huɗu take tafiya a lamba ta uku ta adireshin, 0, 4, 8, don haka 3 tana cikin yankin da ya fara daga 10.10.0.0, wanda zai haɗiye ofis da kyamarori gaba ɗaya. Ya sosa ƙeya ya gyara zuwa 10.10.4.0. Ban yi masa faɗa ba, ni ma wannan ramin ya taɓa cin ƙafata. Muka rage wa'adin baƙi zuwa awa biyu, kafin azahar kowa ya hau.

Bayan isha'i manaja ya sake kira, firintar ofis ta ƙi aiki. An rubuta mata 192.168.1.50 da hannu tun tuni, ni kuwa shaf na manta da ita. Gobe da sassafe zan koma, kuɗin mai kuma daga aljihuna.