Na je saro kaya, na ƙare a kufai

Tun da na dawo Kaduna maƙwabtana a kasuwa ke min tsiya wai an tura ni Turkiyya saro abaya na dawo da hotunan duwatsu. To bari in ba ku labarin.

Kwana uku aka ce mu jira kayanmu a Istanbul, zaman otal ya ishe ni, shi ne wani abokin tafiya ya ce mu leƙa Antaliya, daga can kuma mota ta kai mu wani gari a bakin teku mai suna Side, tafiyar awa ɗaya da ɗan wani abu. Si-de ake faɗa, kuma a tsohon yaren wurin ma'anarsa rumman.

Abun mamaki kufan a tsakiyar gari yake, ba wai can bayan gari ba. Kana tafiya ga mai askirim ga shagon takalma, kawai sai ka ga ginshiƙin da ya kusa shekara 2000 tsaye, kyanwa na barci a gindinsa. Akwai filin wasan kwaikwayo na Rumawa da aka ce yana cin mutum 15,000, na tsaya ina lissafin ƙartin da suka ɗauko duwatsun nan ba kiren ba tifa. A can ƙarshen gari daf da ruwa ginshiƙai biyar ne na farin dutse, ragowar ɗakin bautar Apollo, wani gunkin Girkawa da Rumawa, da yamma kowa nan yake tururuwa ɗaukar hoto. Ni ma na ɗauka, amma gaskiya cunkoson ya yi yawa.

Bakin ruwan kam ban daɗe ba, shigar mutanen ta fi ƙarfin idona, sai dai na tsoma ƙafa na ɗanɗana, gishiri zalla. Mu da muka saba da kogin Kaduna a Gamji!

Abin da ya tsaya min a rai shi ne maganar ruwan sha. Mutanen nan tun zamanin Rumawa suka gina magudana daga kogin Manavgat, wajen kilomita 30, wani wuri a kan gadoji wani wuri ta cikin dutse, har ruwan ya iso gari ya shiga gidajen wanka, ɗaya daga cikin gidajen wankan ma shi ne gidan tarihinsu yanzu. Ina tsaye ina kallon ragowar ginin wallahi sai ga kiran uwargida daga Rigasa, wai mai ruwa bai zo ba tun safe, kuma jarka ta ƙara kuɗi. Na ce mata Hajiya yi haƙuri, ki aika yara gidan mai bohol, in na dawo akwai labari.

An kuma nuna mana kasuwar da a da ake cinikin bayi, 'yan fashin teku ke kawo su. Nan kam ban iya ɗaga waya ba, wucewa kawai nai.